Laburare Kaɗai Ba Zai Gyara Maka Emoji Ba

Tambaya ce daga wani matashi mai gina manhajar Android a Marwa. Manhajar ta 'yan adashe ce, da ɗan wurin da mambobi ke tura wa juna saƙo, wasu a Marwa, wasu a Kusuri, wasu kuma a tsallaken kogin Logon, a Njamena. Da harshen kod na Kotlin ya rubuta ta, sabarsa, wato kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonni, tana aiki ne da harshen PHP da rumbun bayanai na MySQL. Abu uku ne suka dame shi. A wasu wayoyi emoji na fitowa ɗan akwati fanko. Wani lokaci saƙo na gutsurewa daidai inda emoji yake, amma ❤️ da ✅ suna wucewa lafiya lau. Sannan SMS ɗin tunatarwa da yake tura wa mambobi ya fara cin kuɗi ninki uku. Yana so a faɗa masa laburaren da zai sa, wato shiryayyen kod da ake ɗora wa manhaja, kuma wani abokinsa ya ba shi shawarar ya maye gurbin kowane emoji da hoton PNG ya huta.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Laburaren da kake nema sunansa emoji2, yana cikin AndroidX, na Google ne, kyauta ne, kuma ba mamaki yana cikin manhajarka yanzu haka. Sai dai ɗaya tak cikin matsalolinka uku zai warkar, wato ta akwati. Sauran biyun tushensu na wani wuri dabam, kuma ta saƙon da ke gutsurewa ita ce ta fi tayar mini da hankali. Akwati muni ne a ido kawai, rubutun na nan a ajiye. Wancan kuwa maganar mutane ce ke salwanta, kuma ba ta dawowa.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne emoji harafi ne, kamar ƙ, kamar ɗ. Idan uwar adashe ta danna fuskar nan mai dariya har da hawaye, ba hoto ne ke barin wayarta ba, lamba ce, U+1F602. Ƙungiyar Unicode ce ke raba waɗannan lambobi. Daga kamfanonin waya na Japan abin ya taso, kuma jerin da Shigetaka Kurita ya zana wa NTT DoCoMo a 1999 guda 176 ne kacal. A 2010, da fitowar Unicode 6.0, aka shigar da ɗaruruwansu cikin tsarin da duniya ke amfani da shi, daga nan kusan kowace shekara ana ƙara sababbi, har sun haura 3,700. Wayar da saƙo ya isa gare ta ita ce mai zana lambar, tana dubawa a cikin kundin zanen haruffa da aka saka mata tun daga masana'anta. Kamar ka aika yaro shagon atamfa ne da lambar zane a takarda. Lambar daidai take, amma in mai shago bai taɓa sauke wannan zanen ba, yaro zai dawo hannu rabbana. Akwatin da kake gani ke nan.

Kuma mu ne ya fi shafa. Dubi 🤲, hannuwa biyu a buɗe, wanda mutanenmu ke rufe kusan kowace addu'a da shi. A 2017 ya shigo, cikin Unicode 10.0, tare da 🧕, kuma Android 8.0 ce ta fara zuwa da zanensa. To mutum ya rubuta "Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta 🤲", wanda aka yi wa rasuwar ya buɗe a tsohuwar Tecno mai Android 7, sai ya ga ta'aziyyar ta ƙare da akwati. Har zuwa Android 11 ba a sabunta kundin emoji sai an sabunta tsarin wayar gaba ɗaya, wayoyi masu sauƙin kuɗi kuma ba kasafai suke samun wannan ba. Daga Android 12 ne aka buɗe hanyar sabunta kundin shi kaɗai.

Amma kafin ka taɓa laburare, fara da MySQL, yau ɗin nan.

A tsarin ajiye rubutu na UTF-8, a zuwa z bayit ɗaya-ɗaya suke ci, bayit kuwa ma'aunin wurin ajiya ne a kwamfuta. Su ƙ, ɗ, ɓ, ƴ da muke rubuta Hausa da Fulatanci da su, da é na Faransanci, da haruffan Larabci, bayit biyu-biyu. ❤ da ✅ alamomi ne masu ƙaramar lamba, bayit uku. Fuskokin nan kuwa, da 🤲, da tutoci, kowace lamba bayit huɗu ce. Abin da MySQL ta daɗe tana kira utf8 ba cikakken UTF-8 ba ne, iyakarsa bayit uku. Ka ga dalilin da ya sa zuciya ke wucewa, dariya ke maƙalewa. Cikakken shi ne utf8mb4, wanda ya shigo tun MySQL 5.5.3 a 2010, amma sai a MySQL 8.0 ya zama shi ne zaɓin asali. MariaDB da yawancin masu ba da hayar saba ke amfani da ita ma ta gaji wannan halin. Idan sabar na cikin yanayin tsanani, wato strict mode, za ta ƙi saƙon ta ba ka kuskure mai lamba 1366, ka ga \xF0\x9F\x98\x82 a cikinsa, bayit huɗun fuskar dariya ke nan. Idan ba ta cikin wannan yanayin, sai ta yi shiru, ta ajiye abin da ya gabaci emoji, ta zubar da duk abin da ya biyo baya. Wannan ne ke faruwa gare ka. Wani ya rubuta "Na tura 😂 amma saura 2000, zan cika Asabar", abin da ya rage a tebur "Na tura" ne kawai. A harkar adashe irin wannan kan raba zumunci.

Ga yadda za ka gane inda kake cikin minti ɗaya. Tura saƙo mai ƙ da 😂, ka buɗe teburin ka duba. In ƙ ta tsira emoji ya mutu, utf8 mai bayit uku ne. In ka ga Æ™ a madadin ƙ, da ðŸ˜‚ a madadin fuskar, to wani wuri a hanya yana karanta rubutun a matsayin latin1. In alamomin tambaya huɗu ka gani, galibi teburin lafiya yake, haɗin da ke tsakanin PHP da MySQL ne bai san da utf8mb4 ba. Gyaran wuri biyu ne, kuma dole ka yi duka. Ka fara kwafe rumbun bayanan ka ajiye a gefe, sannan:

```
ALTER TABLE sakonni CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;
```

A wajen PHP kuma ka tabbatar layin haɗin PDO yana ɗauke da charset=utf8mb4, in mysqli ne ka kira set_charset da utf8mb4. Mutane da yawa na gyara tebur su manta da haɗin, su yi ta mamakin me ya hana.

Tarko biyu na jiranka a nan. A tsofaffin MySQL, 5.6 zuwa ƙasa, fihirisar InnoDB, wato index ɗin da ke saurin bincike a tebur, ba ta wuce bayit 767, don haka ginshiƙi VARCHAR(255) mai fihirisa zai ƙi juyawa. Raba 767 gida huɗu, ka samu 191, shi ya sa kake ganin VARCHAR(191) a ayyukan mutane. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Tsarin kwatance na utf8mb4_unicode_ci da utf8mb4_general_ci suna ɗaukar duk haruffa masu bayit huɗu a matsayin abu ɗaya, wato a wajensu 😂 daidai yake da 😭. Ga jikin saƙo wannan ba komai ba ne. Amma ranar da ka ƙara martani a ƙarƙashin saƙo, kana ƙirga mutum nawa suka danna wannan nawa suka danna wancan, sai ka ga masu dariya da masu kuka sun haɗu a lissafi ɗaya. Wannan ginshiƙin ka ba shi utf8mb4_bin. Saƙonnin da suka riga suka gutsure kam sun tafi, sai dai in akwai kwafinsu a wayar wanda ya tura. Room da SQLite da ke cikin wayar ba su da wannan ciwon, suna ajiye rubutu cikakke.

Akwai wani wurin kuma da saƙo ke karyewa, a cikin kod ɗinka kai kanka. Kotlin na ajiye rubutu a UTF-16, inda 😂 ke cin gurbi biyu, don haka length zai ce maka 2, ido kuma ɗaya yake gani. Abin bai tsaya nan ba. Tuta haruffa biyu ne na musamman da aka jera: C da M su ba da 🇨🇲, T da D su ba da 🇹🇩, gurbi huɗu ke nan. Launin fata, wanda aka ƙara a 2015 mataki biyar, wata lamba ce dabam da ke bin bayan hannu ko fuska, 👍🏿 ma gurbi huɗu ne. Iyalin nan na mutum huɗu, uba da uwa da yara biyu, emoji huɗu ne aka ɗaure da wani harafi da ba a gani, U+200D, sau uku: lamba 7, gurbi 11, bayit 25, duk a matsayin zane ɗaya. To in kana yin take(40) don nuna farkon saƙo a jerin hira, wata rana wuƙar za ta faɗa tsakiyar tutar Cadi, a bar T ita kaɗai. In ta faɗa tsakanin gurbi biyu na lamba ɗaya, abin da ya rage rabin harafi ne mara ma'ana, kuma da an juya shi zuwa UTF-8 don tura wa saba sai ya koma alamar tambaya.

Mafi sauƙi shi ne kada ka yanka da hannunka. Ba wa TextView cikakken saƙon, ka sa mata maxLines da ellipsize, ita ta san inda za ta tsaya. In yankan ya zama dole, yi amfani da BreakIterator.getCharacterInstance() na android.icu.text, wanda ke nan daga Android 7.0, shi yana tafiya ne da abin da ido ke ɗauka harafi ɗaya. A PHP ma haka abin yake: substr bayit yake ƙirgawa, mb_substr lambobi, grapheme_substr ne kaɗai ke ganin iyalin nan a dunƙule. Jikin saƙo kuma ka sa shi TEXT, ka rabu da jan-in-ja da iyaka.

Yanzu sai laburaren. Google ta fara fitar da EmojiCompat a 2017, ta sake gina shi da sunan emoji2 a 2021. Aikinsa shi ne ya leƙa rubutun kafin a zana shi, ya gano emojin da wayar ba ta da zanensu, ya lulluɓe gurbinsu da zane daga kundin Noto Color Emoji na zamani. Rubutun da ke ƙasa bai taɓa shi ba, in ka kira toString() lambobin asali za su dawo maka. Wannan ne ya sa na amince da shi. Daga AppCompat 1.4.0 an haɗa su tare, wato in fayil ɗin Gradle ɗinka na ɗauke da wannan fitowar ko wadda ta biyo ta, kuma shafukanka sun gaji AppCompatActivity, duk TextView da EditText da Button da ka rubuta a XML suna samun emoji2 ba tare da ka ƙara layi ko ɗaya ba. Jetpack Compose ma ta samu wannan daga 1.4 a 2023.

In AppCompat ɗinka sabo ne amma akwati bai tafi ba, duba kumfar saƙon. Sau tari mai manhaja kan ƙirƙiri tasa kumfar, ya sa ta gaji android.widget.TextView kai tsaye, ko ya ƙirƙiri TextView a cikin kod maimakon XML. Irin wannan ba ta bi ta ƙofar AppCompat ba. Mayar da ita AppCompatTextView, shi ke nan. In kuwa kana zana rubutu da kanka a kan Canvas, to ka fara ratsa shi ta EmojiCompat.get().process(), ka zana da StaticLayout, domin drawText bai san da lulluɓin ba. Ka kula, process() na fashewa in kundin bai gama lodi ba. Laburaren na jinkirta lodin har shafin farko ya buɗe don kada manhaja ta yi nauyin tashi, saboda haka ka yi rajista da registerInitCallback, ka sake zana rubutun idan ya ce ya shirya. Gurabun da lamba kawai ake shigarwa, kamar kuɗin zubi da lambar waya, ka kashe musu shi da emojiCompatEnabled, ba su da buƙata.

Inda ake buƙatar ka yi tunani da kanka shi ne daga ina kundin zanen zai fito. Hanyar asali ita ce laburaren ya roƙi kundin daga Google Play services da ke cikin wayar. Ribarta babba ce: manhajarka ba ta ƙara nauyin a zo a gani ba, kundi ɗaya ne duk manhajojin wayar ke rabawa, kuma sababbin emoji na zuwa ba tare da ka fitar da sabon APK ba. Amma tana da sharaɗi. Dole wayar ta kasance da Play services mai rai, kuma ta taɓa samun rezo da datar da za ta sauke kundin. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da manhajojin Google. Akwai wayoyin da aka yi wa filashin a kasuwa aka bar su a rabin hanya. Akwai kuma ɗimbin mutanen da ke sayen data ta kwana ɗaya don WhatsApp kawai, su kashe da sun gama. A irin waɗannan wayoyi laburaren ba zai yi ƙara ba, zai koma ga kundin wayar ne a hankali, akwati ya dawo.

Ɗaya hanyar ita ce ka ɗaure kundin a cikin manhajar da emoji2-bundled. Wannan zai ƙara mata wajen megabayit 10, kuma zanen zai tsaya a inda ka bar shi har sai ka sabunta laburaren ka sake fitarwa. Waɗanda ke zaune inda intanet ba ya yankewa za su ce maka ɓarna ce. Ni a nan ban ga haka ba. Tambayi kanka ta ina manhajar ke isa hannun mutane. In ta Play Store ce, kowa da datarsa, megabayit 10 abu ne da ɗan kasuwa zai ji a kiredinsa, to ka tsaya kan hanyar asali, ita ce daidai ga mafi yawan Tecno da Itel da Infinix, tunda suna zuwa da Play services. In kuwa, kamar yadda na fi zato ga manhajar adashe, uwar adashe ce ke tura ta ga mambobi ta Xender, daga waya zuwa waya ba tare da data ba, ranar zubi, to nauyin bai ci kuɗin kowa ba, kuma wayar da ba ta ga rezo mai kyau ba tun makon jiya za ta nuna 🤲 daidai. A wannan halin ka ɗaure shi. Gradle na ba ka damar fitar da nau'i biyu daga kod ɗaya, mara nauyi na Play Store, da cikakken APK guda na hannu-da-hannu, kuma abin da zan yi ke nan in ni ne.

Akwai wani abu a nan da ke cin wunin mutum in ba a gaya masa ba. emoji2 na tayar da kansa tun kafin Application.onCreate() ta fara aiki, kuma EmojiCompat.init() kiran farko kawai yake saurara. Don haka in ka rubuta

```
EmojiCompat.init(BundledEmojiCompatConfig(this))
```

ba tare da ka kashe mai tayarwar asali ba, za ka ɗauki nauyin megabayit 10 a banza, laburaren na can yana jiran Play services. Sai ka shiga AndroidManifest.xml, a ƙarƙashin androidx.startup.InitializationProvider, ka cire androidx.emoji2.text.EmojiCompatInitializer da tools:node="remove". Bayan nan ne naka zai yi tasiri. In kana so kowa ya ga zane iri ɗaya, mai Samsung da mai Tecno, ka ƙara setReplaceAll(true), sai ya zana duk emoji da Noto, ba waɗanda suka ɓace kawai ba. Yana ɗan ƙara wa wayar aiki, ka gwada a mafi raunin wayar da kake da ita kafin ka yanke hukunci. Android 4.4 kuwa ka cire ta daga lissafi, Play services ta daina tallafa mata tun 2023, sababbin fitowar AndroidX ma sun wuce ta.

Hannun laburaren ba ko'ina yake kai ba. Sanarwar da ke faɗowa a saman waya tsarin Android ne ke zana ta, ba manhajarka ba, don haka akwati zai iya fitowa a can ko da ciki ya gyaru. Abin da ke cikin WebView ma ba ruwansa da shi. Ƙananan firintocin rasit na Bluetooth kuwa ba su san emoji ba sam, sai dai ka juya rasit ɗin gaba ɗaya zuwa hoto. In wata rana ka koma Flutter, ka sani ba ta amfani da TextView, emoji2 ba ya aiki a can, sai ka saka kundin Noto da kanka ka ambace shi a fontFamilyFallback.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci, tunda kuɗin mutane ne a hannunka. Kada emoji ya zama shi ne shaidar komai. Kada ✅ ya tsaya a matsayin "an biya", ❌ a matsayin "bai biya ba". Matsayin biya ya zauna a ginshiƙinsa a rumbun bayanai, a fuskar waya kuma a rubuta shi da kalmomi, emoji ya zama ado a gefe. Dattijon da ya ga akwati a gaban sunansa ranar kwasa ba zai tsaya jin bayanin Unicode ba. Haka tutoci: tutar Cadi da ta Romaniya shuɗi ne da rawaya da ja a tsaye, a ƙaramin zane ba mai iya raba su. In kana nuna ƙasar mamba, ka rubuta +235 ko +237 kusa da tutar.

Shawarar abokinka ta PNG ba daga iska ta zo ba, WhatsApp ma da zanenta take amfani tun 2017. Amma ko a can abin da ke tafiya a saƙo lambobin Unicode ne, zanen a kai ake ɗora shi. Inda masu kwaikwayo ke kuskure shi ne su ajiye sunan hoto ko wata alama tasu a rumbun bayanai. Daga nan kwafe saƙo zuwa wata manhaja ya lalace, bincike ya lalace, TalkBack da makafi ke amfani da shi ya kasa karantawa, kai kuma ka ɗora wa kanka bibiyar hotuna sama da 3,700 da ke ƙaruwa. Google Play ma tana da ƙa'ida a kan masu zana emoji da tsarinsu: a wayoyi masu Android 12 zuwa sama, dole su ɗauki sababbin emoji cikin wata huɗu da fitowarsu. Ga kuma batun haƙƙin mallaka. Zanen Apple na Apple ne, ba a ba kowa izinin kwasa ba, duk da za ka tarar da shi zube a intanet. Noto na ƙarƙashin lasisin OFL, Twemoji, zanen da Twitter ta fitar, kuma CC BY 4.0, wanda ke buƙatar ka ambaci mai shi.

Sai SMS, wanda babu laburaren da zai taɓa shi, domin dokar layin waya ce. Saƙo ɗaya bayit 140 ne. In duk haruffan na cikin jerin GSM mai bit 7, harafi 160 ke shiga. Da harafi ɗaya ya fita daga jerin, saƙon duka sai ya koma tsarin UCS-2, inda 70 kawai ke shiga. In ya yi tsawo aka rarraba shi, kowane yanki 153 ne a na farko, 67 a na biyu. Lissafa da kanka: tunatarwa mai harafi 150 saƙo ɗaya ce, ka liƙa mata emoji ɗaya ta zama gurbi 152, a raba da 67, yanki uku. Ninki ukun da kake biya ke nan. Kuma ba emoji kaɗai ke jawo wannan ba. Ƙ da ɗ da ɓ duk ba sa cikin jerin GSM, Larabci ma haka. A Faransanci é da è da à suna ciki, ê da â ba sa ciki. Har waƙafin sama mai lanƙwasa da Word ke sakawa a "Juma'a" ya isa ya juya saƙon, miƙaƙƙen ne kawai ke cikin jerin.

Mutane kan magance wannan da cire lanƙwasar haruffanmu, ƙ ta koma k. Ba na son wannan hanyar, don ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, kuma yaranmu daga irin waɗannan saƙonni suke ganin yadda ake rubuta harshensu. Gara ka gajarta. "Salam. Zubin adashe gobe Juma'a ne, 5000 F. Allah ya ba da iko." harafi 63 ne, ko ka ƙara masa 🤲 bai kai 70 ba, saƙo ɗaya ne ko ta wane tsari. In daga wayar kake turawa, SmsMessage.calculateLength() zai gaya maka yanki nawa saƙon zai zama kafin ya tafi. In ta wani kamfanin tura saƙo ne, ka yi ƙirgar a PHP, ka hana duk abin da ya haura iyaka fita sai an amince.

Allon zaɓen emoji kuwa ban ga kana buƙatarsa ba tukuna, kibod ɗin da ke wayoyin mutane, Gboard ko waninsa, yana da nasa. In ka zo yin martani a ƙarƙashin saƙo, emoji biyar ko shida da ka zaɓa da kanka sun wadatar, ka sa 🤲 a ciki, ka sa 👍🏿 da launin da ya yi kama da masu dannawa. In daga baya ka ga lallai sai cikakken allo, akwai emoji2-emojipicker da ya fito a 2023, EmojiPickerView ɗaya ce za ka saka a shafi.

Kafin ka raba sabon APK, ka haɗa saƙon gwaji guda mai ɗauke da komai: "Ƙanwata ɗauki ɓawon ƴaƴan, ça va, السلام عليكم ❤️😂🤲👍🏿🇹🇩🇨🇲🫶". Na ƙarshen nan na 2021 ne, Unicode 14.0, shi zai nuna maka ko kundin zamani ya hau. Larabcin kuma don mambobinka na Njamena ne: emoji ba shi da alkiblar kansa, yana bin rubutun da ke kewaye da shi, don haka ka duba ko ya sauka a ƙarshen jimlar, wato ta hagu, idan saƙon Larabci ne zalla. Tura saƙon daga waya ɗaya, ka buɗe tebur ka ga ya shiga cikakke, ka rufe manhajar ka sake buɗewa, ka duba jerin hira da sanarwa, ka kwafe shi zuwa WhatsApp. Kada ka tsaya a wayarka ko a wayar kwaikwayo ta Android Studio. Je wurin masu gyaran waya a kasuwa ka ari mafi tsufar Android da ke teburinsu, ka saka APK ɗin ta Xender, data a kashe, ka buɗe saƙon a can.